Kamun B7: Yadda Littafi Ya Koya wa Duniya Kaɗa Waƙoƙin Beatles

Paul McCartney ya sha ba da wani labari na ƙuruciyarsa a birnin Liverpool na ƙasar Ingila. A shekarun 1950, shi da abokansa sun iya kamun jita guda biyu, E da A, amma yawancin waƙoƙin da suke so ba sa tashi sai da na uku. Sai suka ji labarin wani mutum a can wani gefen gari da aka ce ya san kamun B7. Suka hau bas, suka sauka, suka sake hawa wata, har suka isa ƙofar gidansa. Ya nuna musu inda ake ɗora yatsu, suka juyo gida suna riƙe da abin a ka. Matambayi dai ba ya ɓata.

Ga wanda bai taɓa riƙe jita ba, ga abin da ake nufi da kamu. Jita tana da tsirkiya shida, kuma an raba wuyanta gaɓa-gaɓa da siraran ƙarafa. Idan makaɗi ya danne wasu tsirkiyoyi a wasu gaɓoɓi da yatsun hannu ɗaya, ya shafe su da ɗaya hannun, sautuka da dama za su fito tare su yi daɗi. Wannan shi ne kamu, kuma kowanne da sunansa na harafi, daga A zuwa G. A kan takarda ana zana shi kamar taga mai sanduna: layi shida a tsaye su ne tsirkiyoyi, layukan kwance su ne gaɓoɓi, baƙaƙen ɗigo su ne wurin yatsu. Ba sai ka san rubutun kiɗa na makaranta ba kafin ka gane shi.

Yunwar wannan ilimi ta taso a Birtaniya ne a 1956, lokacin da waƙar Lonnie Donegan mai suna Rock Island Line ta yi tashe. Salon kiɗan, wanda ake kira sikiful, ba ya neman kuɗi: jita mai araha, allon wanki da ake karta, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya da igiya ɗaya. Samari suka yi ta kafa ƙungiyoyi a ɗakunan iyayensu. Jita ta samu, malamai ne babu. Masu koyar da kiɗa na lokacin sun fi karkata ga fiyano da goge irin na Turawa, kuma ɗan lebura ba shi da kuɗin darasi.

A 1957 wani makaɗin Landan mai suna Bert Weedon ya fitar da ɗan littafi, Play in a Day, sunan da ke alƙawarin iya kiɗa a yini guda. Alƙawarin ya yi yawa, amma abin da ke ciki ya biya buƙata: yadda ake riƙe jita, yadda ake saita tsirkiya, zanen kamu, da 'yan waƙoƙin gwaji. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, kuma manyan makaɗa irin su Eric Clapton da Brian May sun shaida cewa ya taimake su a farkon tafiya.

A wannan shekarar ce, ranar 6 ga Yuli, McCartney mai shekara 15 ya haɗu da John Lennon mai shekara 16 a wani bikin coci a unguwar Woolton. Lennon ya koyi kamu ne daga mahaifiyarsa Julia, wadda ke kaɗa banjo, saboda haka kamun banjo yake yi a kan jita. Abin da ya burge shi ga McCartney shi ne ya iya saita tsirkiya daidai, kuma ya haddace kalmomin waƙa. Haka suka ci gaba, su da George Harrison: a ji faifai, a mayar da allura baya, a sake ji, a kwaikwaya. Har ƙungiyar Beatles ta watse a 1970 babu ɗaya cikin su huɗun da ya ƙware a karanta rubutun kiɗa. Idan waƙa ta buƙaci masu goge ko ƙaho, galibi mai shirya musu faifai, George Martin, shi ke rubutawa.

To sai ga shi waɗanda suka koya da kunne sun zama littafi. Kamfanonin ɗab'i suka rinƙa fitar da waƙoƙinsu a takarda, kuma a shekarun 1970 kundin The Beatles Complete ya shiga gidaje da yawa. Tsarin shafin ɗaya ne: kalmomin waƙa a jere, a saman kowane layi an sa harafin kamu daidai kan gaɓar kalmar da ake canza yatsu. Mai koyo ya riga ya san karin waƙar daga rediyo, saura kawai ya san inda hannu zai koma. Yaron da ba shi da malami, ba shi da maƙwabcin da ya san B7, yanzu yana da abin da zai buɗe a kan gado ya zauna da shi.

Sai dai littattafan ba su faye faɗin gaskiya duka ba. Ba Beatles ne suka rubuta su ba, ma'aikatan kamfani ne, kuma da yawansu da fiyano suke tunani. Wani lokaci su sauƙaƙe kamu mai wuya, wani lokaci su ɗaga waƙar ko su sauke ta daga inda aka rera ta, sai mai koyo ya kunna faifai ya ji shi da su sun yi hannun riga. Waƙar Yesterday ta 1965 misali ce. Kunne yana jin ta a kan F, haka aka saba rubuta ta, kuma F shi ne kamun da ke sa masu koyo da yawa su jingine jita, domin sai ɗan ali ya kwanta ya danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya. Alhali shi McCartney sassauta dukkan tsirkiyoyinsa ya yi, ya kaɗa ta da kamun G mai sauƙi. Mutane sun sha wuyar da mai waƙar bai sha ba.

Akwai ma inda takarda ta gaza baki ɗaya. Waƙar A Hard Day's Night ta 1964 tana buɗewa da wata ƙara guda mai kaifi, wadda littattafai suka yi ta saɓani a kan sunanta shekara da shekaru. A 2004 wani masanin lissafi a Jami'ar Dalhousie ta Kanada, Jason Brown, ya tsettsefe sautin da kwamfuta, ya ce ba jita kaɗai ba ce. Harrison yana kaɗa jita mai tsirkiya 12, McCartney yana riƙe da sautin ƙasa, sannan ga fiyano a ciki. Yatsu huɗu a ɗaki ba za su taɓa fitar da ita daidai ba. Ƙoƙari mafi girma na cike irin wannan giɓi ya fito daga wasu makaɗan Japan, waɗanda suka saurari faya-fayen suka rubuta abin da kowane kayan kiɗa ke yi. Aikinsu, The Beatles Complete Scores, ya haura shafi 1,000, da waƙoƙi fiye da 200, amma shi ma masu kunne sun tsinto kurakurai a cikinsa.

Bayan gardamar daidaito, akwai ta mallaka. Kowane littafi da aka saya, wani kaso na zuwa ga mai haƙƙin waƙoƙin. Lennon da McCartney sun rasa ikon kamfanin Northern Songs a 1969, kuma a 1985 Michael Jackson ya sayi kamfanin da ke riƙe da yawancin waƙoƙin a kan dala miliyan 47.5. Da intanet ta zo, masu koyo suka fara rubuta abin da kunnensu ya ji suna raba wa juna kyauta. Rumbun OLGA, wanda aka kafa a 1992, ya tara dubban irin waɗannan rubuce-rubuce. Kamfanoni suka ce sata ce. Masu rumbun suka ce ɗalibi ne ke nuna wa ɗalibi, kamar dai yadda mutumin can ya nuna wa su McCartney. An rufe shi fiye da sau ɗaya, kafin a rufe shi na ƙarshe a 2006. Manyan shafukan da suka gaje shi sai da suka nemi lasisi, suna biyan masu haƙƙi.

Yau duk mai waya zai ga zanen B7 cikin daƙiƙa, ba tare da ya hau bas ba. Abin da bai canza ba tun 1957 shi ne sauran aikin. Yatsu huɗu ne za su zauna a wurarensu, tsirkiya biyar su yi magana, ta shida ta yi shiru. Kan yatsun zai yi zafi na makonni kafin ya yi kanta. Bayan haka mai koyo zai kunna waƙar ya bi ta, kuma duk inda ya ji takarda ta saɓa wa faifai, sai ya ɗauki fensir ya gyara takardar.