Baƙon da ke sallama: tarihin ƙananan jiragen ruwa a Haida Gwaii

Ƴan uwa ɗalibai, ku ɗauko taswira ku dubi yammacin Kanada, cikin Tekun Pasifik. Can akwai tarin tsibirai da ake kira Haida Gwaii. Ruwan saman da ke zuba a yammacinsu yakan kai mita 4 a shekara. Mu nan Maraɗi in mun samu rabin mita sai godiya. Ƙasar sanyi ce, amma kurmi ne baƙi ƙirin, cike da itatuwa masu ɗaruruwan shekaru.

Kudancin tsibiran, da ake kira Gwaii Haanas, babu hanyar mota ko ɗaya. Mai son zuwa sai ƙaramin jirgin ruwa, ko jirgin sama mai sauka bisa ruwa. Baƙi na zuwa kallon gaggafa, da baƙar dabbar beyar mai kamun kifi a rafi, da ƙattin dabbobin tekun nan da Faransawa ke kira balen. Amma kafin a sauke kowa a tsohon ƙauye, tilas matuƙi ya kira masu gadi ta rediyo ya nemi izini, kuma ba a wuce mutum 12 a lokaci guda. To, daga ina wannan doka ta fito?

Masu ƙasar su ne mutanen Haida, gwanayen sassaƙa kwale-kwale da dogayen ginshiƙan itace masu ɗauke da tambarin zuri'a. Jirgin Turawa na farko ya iso musu a 1774. A 1787 wani kaftin ɗan Ingila, George Dixon, ya laƙaba wa tsibiran sunan jirginsa, Queen Charlotte. Aka yi ta cinikin fatu, har musiba ta biyo baya. A 1862 cutar agana ta ɓarke a garin Victoria, can kudu. Hukuma ta kori ƴan ƙasa da suka zo fatauci, suka koma gida da cutar cikin kwale-kwalensu. Al'ummar da ta kai dubbai, a 1915 ba ta cika mutum 600 ba. Waɗanda suka rage suka taru a ƙauyuka biyu, Skidegate da Old Massett, sauran suka zama kufai.

Kufai kuwa kowa na ganin ba shi da mai shi. Masu tara kayan tarihi suka kwashi ginshiƙai zuwa gidajen ajiya, kamfanonin katako suka shiga kurmi da zarto. Shi ya sa wasu ƴan Haida suka fara zuwa da jiragensu suna kwana a kufan kakanninsu lokacin zuwan baƙi. Asalin masu gadin ke nan. A 1981 UNESCO ta sa ƙauyen SGang Gwaay cikin kayan gadon duniya.

A Nuwamba 1985 abin ya kai maƙura. Haida suka tare hanyar masu sarar itace a tsibirin Lyell. Dattawa, sanye da bargunansu na gargajiya, suka ce a fara kama su, kuma cikin ƴan sandan da aka turo har da ɗan Haida. Mutum 72 aka kama. A 1987 aka dakatar da sara a yankin. A 1993 gwamnatin Kanada da Haida suka sa hannu kan riƙon wurin tare, alhali kowanensu na cewa ƙasar tasa ce. A 2010 sunan Haida Gwaii ya koma bisa taswira a hukumance.

Yau wanda ya sauka SGang Gwaay zai ga ginshiƙai sun karkace, gansakuka ta rufe su. Ba sakaci ba ne: Haida sun zaɓi a bar su su ruɓe su koma ƙasar da itacen ya fito. Mai gadi ne zai zaga da kai, ya gaya maka inda ba a takawa.

Mu ma muna da raƙuman dawa a Kure da tsohon birnin Agadas. In baƙo ya zo kallo, wa yake yi wa sallama?