Baƙi Masu Bin Bashi: Al'ummar Hmong, Wariya da Abota a Amurka

Hmong al'umma ce ta mazauna tsaunuka wadda asalinta kudancin ƙasar Sin ne. A ƙarni na 18 da na 19, rikici da hukumomin Sin ya sa da yawansu suka yi kudu, suka zauna a kan duwatsun Lawos da Biyetnam da Tailan, suna noman shinkafar tudu da masara. Zamansu ya ginu ne a kan dangi. Suna da manyan zuriyoyi 18, kuma duk wanda mutum ya tarar da sunan zuriyarsu ɗan'uwa ne mai haƙƙin masauki da taimako. A yau mafi yawan waɗanda ke wajen Asiya suna Amurka, inda ƙidayar 2010 ta nuna sun kai kimanin 260,000, galibi a jihohin Kalifoniya da Minesota da Wiskonsin.

Yaƙi ne ya kai su can. Tun daga 1961 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta riƙa ɗaukar mazajen Hmong aikin soja ƙarƙashin Janar Vang Pao, domin su tare hanyar da sojojin Biyetnam ta Arewa ke bi ta cikin Lawos, su kuma ceto matuƙan jiragen Amurka da aka harbo. Dubun-dubatarsu sun mutu, har ta kai ana ba yara 'yan shekara goma sha wani abu bindiga. Da 'yan gurguzu na Pathet Lao suka karɓi mulki a 1975, an kwashe Vang Pao da wasu manya a jirgi daga sansanin Long Tieng, da yawa daga sauran jama'a kuwa suka bi daji da ƙafa, suka ƙetare kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira na Tailan irin su Ban Vinai.

A nan tushen wariyar da suka tarar a Amurka yake. Gwamnatin Amurka ta ɓoye wa mutanenta wannan yaƙi, saboda haka waɗanda suka yi mata shi suka iso ba wanda ya san su. Su a ganinsu alkawari aka cika musu. Maƙwabtansu kuwa kallon 'yan cin arziki suke musu, mutanen da aka tsinto daga daji ana ciyar da su da kuɗin haraji. Jita-jita ta yi ta yawo cewa gwamnati na ba su motoci kyauta, ba sa biyan haraji, suna cin karnukan mutane. Hukuma ta yi jinkirin faɗin gaskiya ƙwarai: sai a 1997 aka kafa musu allon tunawa a maƙabartar sojoji ta Arlington, sai a 2000 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa tsofaffin mayaƙansu zama 'yan ƙasa ba tare da sharaɗin jin Turanci ba. Shekara ashirin da wani abu na shiru sun isa ƙiyayya ta yi saiwa.

Tsarin tsugunar da su ma bai yi la'akari da yadda suke rayuwa ba. An warwatsa iyalai a garuruwa da dama, bisa tunanin cewa haka za su fi saurin sajewa. Da suka samu sarari sai suka tattara, suka nemi danginsu a St. Paul da Fresno da Merced, aka kuma fassara wannan da ƙin cuɗanya. A Wausau, ƙaramin garin Wiskonsin da kafin zuwan Hmong kusan duk mazaunansa fararen fata ne, yunƙurin cakuɗa yaran Hmong da sauran yara a makarantun firamare a 1993 ya jawo ce-ce-ku-ce har aka tsige wasu 'yan hukumar makarantu.

Mafi munin abin ya faru ne a dajin farauta. A watan Nuwamban 2004 wani ɗan Hmong mai suna Chai Soua Vang ya shiga filin wani a arewacin Wiskonsin, gardama ta kaure, ya harbe mafarauta fararen fata shida har lahira. Ya ce sun zage shi da kalaman wariya kuma su suka fara harbi. Waɗanda suka tsira sun musanta batun harbin, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Laifinsa babba ne, babu mai wanke shi. Abin lura shi ne yadda aka ɗora wa al'umma guda alhakin mutum ɗaya, har aka ga rubuce-rubuce a jikin motoci masu kiran a harbi 'yan Hmong. A Janairun 2007 wani farar fata ya kashe wani ɗan Hmong mai suna Cha Vang, shi ma a wurin farauta, amma ba wanda ya nemi fararen fatan jihar su fito su nemi gafara. Wanda ake tuhumar danginsa duka idan ɗaya ya yi laifi bai zama ɗan gari ba tukuna, komai takardar da yake riƙe da ita.

Mutane da yawa sun fara jin sunan Hmong ne a fim ɗin Gran Torino na Clint Eastwood, wanda ya fito a 2008. Labarin wani tsohon soja ne mai baƙar zuciya da ke zaune a yankin Detroit, wanda ya tsani maƙwabtansa 'yan Hmong, daga baya ya shaƙu da yaronsu Thao da yayarsa Sue, har ya ba da ransa domin kare su daga 'yan daba. Fim ɗin ya taɓa zuciya, ya kuma ba 'yan Hmong damar fitowa a babban fim karon farko. Sai dai abotar da ya nuna ta ubangida da yaronsa ce. Tsohon ne ke koyarwa, shi ke ceto, zagin da yake yi musu kuwa an mai da shi abin dariya. Bee Vang, wanda ya fito a matsayin Thao, ya soki wannan a fili a 2021, lokacin da cin zarafin 'yan asalin Asiya ya ƙaru saboda annobar korona. Akwai kuma juyin tarihi a ciki: a zahiri 'yan Hmong ne suka mutu suna ceton Amurkawa.

Labarin wata yarinya 'yar Hmong, Lia Lee, wanda Anne Fadiman ta rubuta littafi a kansa a 1997, ya fi nuna yadda abin yake a ƙasa. Lia na da wata uku a Merced yayarta ta buga ƙofa da ƙarfi, sai jaririyar ta sanƙare. Iyayenta suka ce ƙarar ce ta firgita kurwarta ta gudu, sai an yi yanka an kira ta ta dawo. Likitoci suka ce farfaɗiya ce, suka yi ta sauya magunguna ga iyayen da ba sa karatu, sau da yawa ba tafinta. Kowane ɓangare na son yarinyar, kowanne na ganin ɗayan ne ke cutar da ita. Hukuma ta ƙwace ta ta ba wata mata riƙo. Matar nan, da ta ga yadda uwar ke goya 'yarta da lallashinta, sai ta zama ƙawarta, ta goyi bayan a mayar mata da ita. Wannan abota ce ta gaske, domin mai iko ce ta yarda cewa marar iko ta san abin da take yi. Duk da haka ba ta hana masifa ba: a 1986 ciwon ya lalata ƙwaƙwalwar Lia, iyalinta suka yi jinyarta a gida har ta rasu a 2012. Abin da ya amfani na baya shi ne sauyin tsari, lokacin da asibitin garin ya buɗe ƙofa ga masu maganin gargajiyar Hmong su riƙa shiga wurin majinyata.

Wariyar ba ta fuska ɗaya ba ce. A unguwannin talakawa na St. Paul da Minneapolis 'yan Hmong da baƙaƙen fata sun zauna gida da gida, suna takara a kan aiki da muhalli, kuma kowane ɓangare na da nasa raini ga ɗayan. Kisan baƙar fata George Floyd a hannun 'yan sanda a 2020 ya tona wannan, domin ɗaya daga cikin 'yan sanda huɗun da ke wurin, Tou Thao, ɗan Hmong ne, shi ya tsaya yana tare jama'a. Al'ummar ta rabu, wasu na kare shi, wasu na jin kunya. A cikin waɗanda suka fito zanga-zanga akwai Youa Vang Lee, mahaifiyar Fong Lee, matashi ɗan Hmong mai shekara 19 da wani ɗan sandan Minneapolis ya harbe a 2006. Lokacin da take neman haƙƙin ɗanta, masu fafutuka baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka fara tsaya mata. Ta yi jawabi da harshen Hmong, ta roƙi mutanenta su tsaya wa iyalin Floyd.