Daga Kuɗin Fito Zuwa Harajin Mai: Tarihin Gyaran Hanyar Kumasi

Zongon Kumasi hanya ce ta haife shi. Kakannin mazaunansa fatake ne da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna neman goro a Gwanja. Saboda haka batun wanda zai biya kuɗin gyaran hanya tsohon zance ne a wurinsu.

Tun kafin zuwan Turawa, sarakunan Asante suna da manyan hanyoyi da suka fita daga Kumasi ta kowace fuska. Ɗaya daga cikinsu ta nufi Salaga, babbar kasuwar goro. Hanyar kurmi kuwa ba ta jure sakaci, gama damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta, itatuwa su faɗo su tare ta. Don haka Asantehene ya sa ma'aikata da ake kira akwanmofo, aikinsu shi ne lura da sharar hanya. Akwai kuma masu tsaro da ke karɓar kuɗi a mashigai. Ayarin Hausawa ya saba da irin wannan biya. A bakin kogi madugu yakan yi ciniki a kan kuɗin fito, a kowane gari kuma a kai wa sarki gaisuwa. Fatake ba su cika ƙin biya ba in akwai tsaro da jirgin ƙetarewa. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a karɓi kuɗi a bar su da 'yan fashi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwa. Bayan Ingilishi sun kama Kumasi a 1896, baƙi daga arewa suka yi ta sauka a garin, Zongo ya cika. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sa'an nan motoci suka biyo. A zamanin Gwamna Guggisberg, watau daga 1919 zuwa 1927, aka faɗaɗa hanyoyin mota, har babbar hanyar arewa ta haɗa Kumasi da Tamale. Amma yawancin gyaran da gumin talakawa aka yi shi, domin doka ta ɗora wa sarakuna su fito da mutanensu aikin hanya. Mutumin ƙauye da ba shi da ko keke shi ke cike rami, mai lori ya bi ya wuce.

Bayan samun 'yancin kai a 1957, kuɗin hanya daga baitulmali yake fitowa. Aka kafa hukumar manyan hanyoyi ta Ghana a 1974, amma a lokacin tattalin arziki ya riga ya soma durƙushewa. In kuɗi ya yi ƙaranci, gyara ne ake fara jinginewa, gama ba a yi masa bikin buɗewa. Kafin 1983 hanyoyi sun lalace ƙwarai, koko yana jibge a ƙauyuka ba motar ɗauka, tayoyi da kayan gyara sun yi wuya. Masu fataucin goro da shanu sun ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa gwamnatin Rawlings ta kafa Asusun Hanya a 1985, Majalisa kuma ta sake masa tsari da doka ta 536 a 1997. Aka ware masa kuɗin da za su riƙa shiga: haraji a kan kowace litar fetur da gas, kuɗin ƙofa a hanyoyi da gadoji da jiragen fito, kuɗin rajistar mota, da kuɗin da motocin ƙasashen waje ke biya in sun ratsa. Harajin mai shi ne ya fi kawo kuɗi. Hikimarsa a fili take. Wanda ya fi tafiya ya fi shan mai, ya kuma fi biya, ba a bukatar ɗan sanda ya bi shi.

Duk da haka, mai karatu ya lura da abu guda. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan ƙaru kusan sau 16. Tirela mai lodin albasa daga Nijar, ko mai kaya daga tashar Tema zuwa Burkina Faso, in ta wuce kima, takan ci hanya fiye da abin da ta biya a gidan mai. Shi ya sa aka kafa sikeli a manyan hanyoyi. Nan akwai hakki a wuyan 'yan kasuwa da direbobi su ma.

Hakkin gwamnati kuwa ya fi girma. A 2017 aka yi dokar da ta ƙayyade abin da irin waɗannan asusu za su riƙe, ragowar ya koma baitulmali. 'Yan kwangila suka yi ta kukan bashi. A Nuwamba 2021 aka dakatar da karɓar kuɗin ƙofa, masu tallar burodi da ruwa a wuraren suka rasa ciniki, asusun kuma ya rasa wata kafar samu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwan sama yake da kwalta. Tsagar da za a toshe bana da kuɗi kaɗan, in aka bar ta shekara uku sai an sāke shimfiɗa hanyar. Jikokin fatake a Zongo suna biyan fito har yau, sai dai a gidan mai suke biya. Suna da ikon tambayar wakilansu a Majalisa nawa aka tara, nawa kuma ya koma kan hanyar Tamale.