Takarda Ta Fito Daga Hannun Wane: Waiwaye Kan Tarihin Wasiƙa a Ƙasar Hausa

Gab da faɗuwar damina muna gyaran soron gidanmu a Rogo Ruma, sai aka fito da wata tsohuwar adaka ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. A ƙarƙashin rigunan da asu ya gama da su muka tarar da ƙunshin takardu an ɗaure da tsumma. Wasiƙu ne guda goma sha ɗaya, duk da ajami, daga ƙanensa wanda ya tafi haƙar kuza Jos tun ba a haife ni ba, kuma can Allah ya yi masa cikawa. Gara ta riga ta cinye huɗu. Cikin samarin da ke taya mu aiki, kowa da wayarsa a aljihu, ba wanda ya iya haɗa baƙin, har ɗaya ya ba da shawarar a ƙone su tunda akwai sunan Allah a ciki, kada a tattaka. Ni kaina sai da na nemi wani tsohon malamin allo ya taya ni. Ban taɓa ganin wannan baffa nawa ba, amma a ranar na san shi: mutum ne mai danna alƙalami da ƙarfi, mai gaggawa, wanda ba ya rufe takarda sai ya tambayi lafiyar wata akuya da ya bari.

Wannan ne ya sa na koma kan littattafan tarihi da nake koyar da ɗalibai da su, ina duba matsayin wasiƙa a wurin magabatanmu. Ita kanta kalmar daga Larabci muka aro ta, daga “wathiƙa”, wato takardar da aka amince da ita, abin da aka ƙulla aka tabbatar. Ashe tun daga sunanta akwai amana a ciki.

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, muna da labarin nasihar da Shehu Magili ya rubuta masa kan yadda ake riƙon jama'a. Amma lokacin da wasiƙa ta zama ƙashin bayan mulki sosai shi ne ƙarni na 19. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da takarda ya sanar da jama'a manufarsa, ita ce ake kira Wathiƙatu Ahlis Sudan. Daular da ta kafu bayan jihadi kuwa faɗinta ya kai tafiyar watanni, kuma ba abin da ya ɗinke ta sai manzanni bisa dawaki da takardu a cikin gafaka. Sarkin Musulmi ya rubuta wa Waziri, Waziri ya rubuta wa Sarkin Kano, shi kuma ya aika wa hakimansa irin su Sarkin Ƙaraye. Takardar da ake rubutun a kanta ma baƙuwa ce, daga Italiya take fitowa, ta biyo ayarin raƙuma ta Tarabulus, akwai irin wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a jikinta. Saboda tsadarta ba a ɓarnar kalma. A fere alƙalami, a dama tawada da ƙaro, a rubuta, a buga hatimi, sa'an nan a zaɓi amintaccen da zai kai.

Misalin da ya fi burge ni shi ne muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla suna azumi. Tambaya ce mai zafi, kuma Bello ya amsa da zafi. Suka yi ta musayar takardu alhali rundunoninsu na fafatawa a fagen fama. Abin lura shi ne Bello bai ɓoye maganar abokin hamayyarsa ba, ya kwafe ta ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Da a baki aka yi wannan gardama, da yau sai dai mu ji ta daga maroƙan ɓangaren da ya fi ƙarfi. Bellon nan ne kuma, bayan ya zama Sarkin Musulmi, ya ba Baturen nan Clapperton wasiƙa a 1824 ya kai wa Sarkin Ingila George na Huɗu, yana maganar ciniki da neman a turo masa jakada da likita.

Kada mai karatu ya ɗauka sarakuna kaɗai ke wannan harka. A nan Kano, a 1877, wani matashin malami mai suna Umaru ɗan Abubakar ya wallafa littafi sukutum da Larabci kan ilmin rubuta wasiƙa, ya sa masa suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wathiƙa. A ciki ya jera samfurori na yadda ake rubuta wa mutane daban-daban, kowa gwargwadon matsayinsa. Shi ne daga baya ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi cikin ƙasar Gana ta yau a 1934, duniya ta san shi da Alhaji Umaru Salga, mashahurin marubucin waƙoƙi. Ina so 'yan'uwa masu sha'awar rubutu su tsaya a nan kaɗan. Mutumin da ya zama gwanin waƙa da tarihi, da wasiƙa ya fara wasa alƙalaminsa. Kuma ba don nishaɗi ya yi littafin ba: akwai buƙata. Falke a Salaga yana da iyali a Kano, yana da bashi a Katsina, yana da abokin ciniki a Jega. Mun ce zumunta a ƙafa take, to wanda ƙafarsa ta yi nisan wata uku, takarda ce ke yi masa tattakin.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara su zuwa Turanci, aka buga a 1927. A cikinsu ne ake jin muryar sarakunan ƙasar nan a shekarun ƙarshe, suna ba da labarin motsin Nasara, suna shawara a tsaya ko a yi hijira. Ba don su ba, da labarin zuwan Turawa daga bakin Turawa kaɗai za mu ji shi.

Zamanin boko ya zo da gidan waya da ambulan da kan sarki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, ta buɗe wa talaka ƙofa ya rubuto a buga, har sojojinmu da ke Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna aiko da nasu. Editanta, Abubakar Imam, bayan ziyararsa Ingila a 1943, ya yi musayar wasiƙu da Lugga kan halin da Arewa ke ciki. Da Yaƙi da Jahilci ya kankama a shekarun 1950, babban abin da ya ja magidanta zuwa aji shi ne kowa yana so ya karanta takardarsa da kansa, kada wani ya ji sirrinsa. Daga nan sai katin zaɓi sonka na gidajen rediyo, da takardun da ake aika wa sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957.

Mu da muka tashi a ƙauye mun riski ƙarshen wannan zamani. A yankinmu na Rogo wasiƙa takan zo ta hannun hedimasta, ko direban motar ranar kasuwa. Ina aji biyar na firamare na zama magatakardan unguwarmu. Tsohuwa za ta kira ni, ta shimfiɗa tabarma, ta ce “Rubuta.” Ni kuwa in fara da abin da kowa ya haddace: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga ɗanta wane, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, bayan haka. A nan ne aikin yake. Sai ta yi shiru tana auna magana, ta faɗa, ta ce a'a goge wannan, zai ɓata masa rai. Wani lokaci buƙatar ba ta wuce kuɗin taki ba, amma sai mun yi sa'a guda. Ladana ƙuli-ƙuli ne ko guntun rake. A wurin waɗannan tsofaffi na koyi cewa jimla tana da nauyi, ba a aji ba. Su ma marubutanmu na littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990, wanda ya karanta su ya san yawancin labaran a kan wasiƙa suke tafiya, wadda ƙanwa ko ƙane ke kaiwa a ɓoye.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, cikin 'yan shekaru kuwa ta share wannan duka. Ba na cikin masu tsine mata. Uwar da a da take wata biyu ba ta san ko ɗanta na raye ba, yau tana jin muryarsa kafin ta sauke tukunya, wannan kuwa rahama ce. Sai dai saƙon waya kowa da irin baƙinsa ɗaya, ba hannun kowa a ciki, kuma ranar da wayar ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, shi ke nan. Na rasa saƙonnin wani aminina marigayi ta haka, na shekara shida, dare ɗaya. Wasiƙun ƙarni na 19 kuwa ga su can a ajiye a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, mai bincike na iya zuwa ya taɓa su. Abin da ke damuna shi ne na talakawa, irin na adakar gidanmu, waɗanda ba wanda ya tattara, gara da wuta na cin su kullum a garuruwanmu.

A zangon karatun da ya wuce na sa 'yan ajina kowa ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai tsohuwar wasiƙa, ya kawo mu kwafa mu mayar. Mutum uku suka kawo. Sauran kuma na ce kowa ya rubuta wa wani nasa da ke nesa, da hannunsa, shafi guda. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to me zan ce masa, bayan jiya mun yi waya?” Na ce ta rubuta abin da ba ta faɗa ba a wayar. Ta daɗe tana tauna bayan biro, har aka kaɗa ƙararrawa ba ta ɗago kai ba. Washegari ta kawo shafi uku, ta ce in duba mata rubutun amma kada in karanta na ƙarshen.