Nana Maryamu: abin da ya raba Katolika da Furotesta



Darasinmu na yau na tarihi ne. Kun san a ƙasarmu Nijar akwai Kirista, ko da yake ba su da yawa. Amma kun san ba tafiyarsu ɗaya ba? Akwai ƴan Katolika, akwai ƴan Furotesta. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba su shi ne maganar Nana Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa.

Ga yadda abin ya samo asali. A shekarar 431 manyan malaman Kirista suka yi taro a birnin Afisa, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Suka ɗaukaka darajar Maryamu ƙwarai. Mutane suka yi ta gina majami'u da sunanta, suna roƙon ta yi musu addu'a.

A shekarar 1517 wani malami a Jamus, Martin Luther, ya tashi yana sukar waɗansu al'adun Roma. Daga nan aka sami Furotesta. Shi kansa Luther yana girmama Maryamu. Amma Furotesta suka ce: a girmama ta, kada a roƙe ta. Addu'a ga Allah kaɗai ake yi, kuma abin da babu shi cikin Littafi ba a ɗora wa mutane shi.

Katolika suka amsa: mu ba bauta mata muke yi ba. Kamar mai neman abu wurin sarki ne, ya bi ta hannun uwar sarki.

Tazarar ta ƙaru daga baya. A 1854 Paparoma ya ce an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubin gado ba. A 1950 wani Paparoma ya ce an ɗauke ta zuwa sama da jikinta. Furotesta ba su yarda da ko ɗaya ba.

To, yaya maganar ta iso nan? Ƴan mishan na Furotesta, ƙungiyar SIM, sun sauka Damagaram a 1924. Su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika kuwa sun kafa gidansu a Yamai a 1931. Babbar majami'arsu ta Yamai da ta Maraɗi duk da sunan Maryamu ake kiransu. A ɗakin ibadar Furotesta kuwa ba za ku ga siffarta ba. Bishop na farko na Katolika a Yamai, Hippolyte Berlier, da ya ajiye aiki a 1984, nan Agadas ya zo ya zauna cikin Musulmi.

Musulmi ma sun san ta. Sura ta 19 cikin Alƙur'ani sunanta ne, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta a cikinsa.

A Turai, rabuwar Katolika da Furotesta ta jawo yaƙi na shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, ko da yake har da rigimar mulki a ciki. Garuruwa suka zama kufai. Ku riƙe wannan. Saɓani ba ya ƙarewa a duniya, amma rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ku tattauna a ajinku: mene ne bambancin girmamawa da bauta?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.