Yadda Allon Zamiya Ya Samu Baki Biyu

Mutumin Bune, a ƙasar Gure, ba sai an yi masa dogon bayani a kan nutsewar ƙafa ba. Duk wanda ya taɓa fitowa daga kwari da buhun kanwa ko na dabino a ka, ya tunkari tudun rairayi, ya san yadda ake taku uku a ci biyu, rairayi ya cinye ɗaya. Raƙumi kuwa ya zo ya wuce ko a jikinsa, domin tafin ƙafarsa faffaɗa ne, nauyinsa bazuwa yake a kan rairayin maimakon ya huda shi. Irin wannan matsala ce ta addabi mutanen can ƙuryar arewacin duniya, sai dai su tasu ta dusar ƙanƙara ce, wadda a tsakiyar hunturu takan kai wa mutum ƙugu. Maganin da suka samo shi ne su ɗaura dogon katako a ƙarƙashin kowace ƙafa, su riƙa zamewa a kai. Asalin allon zamiya ke nan.

Mai kallon bidiyo a waya zai yiwu ya taɓa cin karo da samarin nan da ke gangarowa daga dutse da baya, su tashi sama su wulwula, su dira a kan bututun ƙarfe su ci gaba da sulalewa. Allon da ke ƙafarsu ya tanƙwaro sama gaba da baya, shi ya sa ake ce masa mai baki biyu. Shi saurayi yake nema idan kuɗinsa na saiti ɗaya ne tak, kuma yana son ya karaɗe dutse da safe, da yamma ya shiga filin tsalle-tsalle. Allon kansa ya yi dubban shekaru a duniya, amma bakin bayan nan jiya-jiya ya zo, kuma ƴan gardama ne suka kawo shi.

Gutsattsarin allo mafi tsufa da aka tono, a wani wuri mai suna Vis a arewacin Rasha, sun kai kimanin shekara 8,000. A 1924 masu haƙa magudanar ruwa a Kalvträsk ta ƙasar Suwidin suka ci karo da wasu da aka ƙiyasta sun haura shekara 5,000. A tsaunukan Altai na ƙasar Sin har yau akwai masu sassaƙa shi da hannu, su lulluɓe ƙasansa da fatar ƙafar doki, gashin ya kwanta ta baya, ta yadda allon zai zame gaba amma ya ƙi komawa baya in ana hawan tudu. A wasu sassan Suwidin da Finlan ma ƙafa biyun ba tsawo ɗaya ba ne: dogo na zamiya, gajere mai fata na tunkuɗawa. Duk waɗannan kayan neman abinci ne, na maharbi da makiyayi da soja. Wanda ke bin sawun nama ba shi da dalilin tafiya da baya, saboda haka baki ɗaya aka tanƙwara, wutsiya aka bar ta a miƙe.

Wanda ya mayar da abin wasa na gwaninta wani talakan manomi ne, Sondre Norheim, daga ƙauyen Morgedal a yankin Telemark na Norwe. A 1868, yana da shekara 42, ya yi tafiyar kusan kilomita 200 a kan allo zuwa babban birni, Christiania, wato Oslo ta yau, ya lashe gasa ya bar mutanen birni baki buɗe. Allonsa ya ɗan tsuke a ƙugu, kuma maɗaurinsa na saiwar itace ya zagayo diddige, abin da ya ba shi ikon juya allon yadda ya ga dama. Daga nan wasan ya gangara tsaunukan Alps. A shekarun 1920 Rudolf Lettner na Ostiriya ya ɗaura wa gefen allon siririn ƙarfe don ya kama daskararriyar ƙanƙara. A 1950 Howard Head, injiniyan jiragen sama a Amurka, ya fito da na alminiyam bayan ya karya samfuri da dama, sannan zaren gilas ya biyo baya a shekarun 1960. A duk tsawon wannan lokaci ƴan tsere ne ke da ta cewa. Abin da ya yi wa mai tsere daidai shi ake ƙera wa kowa: dogo, siriri, mai tauri, sau da yawa ya haura mita 2.

Ƴan gardama na farko sun ɓullo a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, masu alkafura da rawa a kan ƙanƙara. Su kamfanin Olin ya duba a 1974 ya fitar da Mark IV mai ɗagaggiyar wutsiya, wanda galibi ake lissafawa a matsayin mai baki biyu na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Bai yi nisa ba. Raunuka sun yi yawa, kamfanonin inshora suka ja baya, hukumar wasan ta duniya, FIS, ta karɓi ragama a 1979 ta shimfiɗa dokoki. Gasar bi ta kan ƙananan tuddai ta shiga Olamfik a Albertville a 1992, amma a lokacin an riga an ƙayyade irin tsallen da aka yarda da shi, an kuma hana juyawa kai ƙasa. Wasan da aka fara don a sake ya koma na alƙalai da takardar maki.

Ana cikin haka kishiya ta shigo. A 1965 wani mutumin Michigan, Sherman Poppen, ya haɗe allo biyu wuri guda don ƴaƴansa mata su yi wasa a bayan gida. Jake Burton Carpenter ya kafa kamfaninsa a Vermont a 1977, ya ci gaba da gyara wannan faffaɗan allo guda da ake tsayawa a kai a karkace, wanda ake kira sinobod. Da fari wuraren zamiya da yawa sun hana masu shi hawa dutsensu. Da suka ga nan kuɗin matasa ya karkata, sai suka shiga gina musu filaye na musamman: tuddan tsalle, bututun ƙarfe, da dogon rami mai siffar rabin bututu. Reshe ya juye da mujiya, domin a wurare da dama masu allo biyu aka hana shiga waɗannan filaye. Sinobod ya samu shiga Olamfik a Nagano a 1998. Yaro ɗan shekara 15 a lokacin yana kallon allo biyu a matsayin kayan babansa.

A Kanada wasu ƴan wasan tuddai suka ƙi yarda. Mike Douglas, JP Auclair, JF Cusson, Vincent Dorion da Shane Szocs, waɗanda aka sani da New Canadian Air Force, sukan yi atisaye da bazara a kan daskararriyar ƙanƙarar Horstman da ke dutsen Blackcomb, inda a lokacin ba ta ƙarewa ko da bazara. In an tashi daga atisaye sai su faɗa filin ƴan sinobod su kwaikwayi abin da suka gani. Matsalarsu ɗaya ce, kuma a wutsiya take. Mutum ya tashi sama ya yi rabin juyi, to da baya zai dira. Miƙaƙƙiyar wutsiya tana taɓa ƙasa sai ta cake cikin dusar, allon ya tsaya cak, mai shi ya wuntsila ta ƙeya. Ba gwanintar da ke maganin wannan, sai an sake ƙira. A 1997 suka haɗa faifan bidiyo na abin da suke iya yi, da bayanin irin allon da suke so, suka aika wa kamfanoni. Akasari suka yi biris. Salomon na Annecy a Faransa ne ya amsa, kuma a 1998 allon 1080 ya fito, lambar tana nufin cikakken juyi uku a sama. A wasannin X Games na hunturun 1999 Cusson ya lashe gasar babban tsalle, samari suka gani a talabijin, kasuwa ta buɗe.

Adalci dai a ambaci Jason Levinthal, wanda a 1995 ya fara ƙera gajerun alluna masu baki biyu, da ba su kai mita ɗaya ba, a garejin iyayensa a Albany ta jihar New York, da sunan Line. Har gobe masoya wasan na musun wa ya riga wa. A ganina musun ba shi da wani amfani: Olin ya riga kowa, Levinthal ya farfaɗo da dabarar, ƴan Kanada kuma su suka sa ta a cikakken allo suka nuna wa duniya abin da za a yi da ita.

Sai dai allon filin wasa na farko, a fili kawai yake sarki. Siriri ne, mai laushi, an ɗaure ƙafa kusa da tsakiyarsa don gaba da baya su yi nauyi ɗaya in ana wulwulawa. Ka fita da shi dutse cikin sabuwar dusa mai zurfi, ya nutse. Ka sake masa gudu a kan daskararriya, ya kama karkarwa. Abin da ya cece shi wasu gyare-gyare ne da aka yi a wasu wurare don wasu dalilai. A ƙarshen shekarun 1980 Atomic na Ostiriya ya fitar da Powder Plus, faffaɗan allo na dusa mai zurfi. A 1993 Elan na Sulobeniya ya fito da SCX mai tsukakken ƙugu sosai, wanda da an karkata shi yake yanka kwana da kansa. A 2002 kuma Shane McConkey, bayan ya lura da allon da ake zamiya da shi a kan ruwa, ya sa Volant ya ƙera Spatula, wanda gabansa da bayansa suka ɗago daga ƙasa tun daga nesa don ya yi iyo a saman dusa. Masu baki biyu suka tsinci kowace dabara. Pocket Rocket na Salomon, a farkon shekarun 2000, mai ƙugu milimita 90, ya nuna cewa allo ɗaya na iya shiga fili ya kuma shiga daji. A 2002 Tanner Hall da Auclair da abokansu suka kafa Armada, kamfanin da a lokacin ƴan wasa ke faɗin abin da za a ƙera.

Ƙarshenta waɗanda suka guje wa alƙalai sun sake komawa gabansu. Sarah Burke ta Kanada ta yi shekaru tana fafutukar a ba mata wuri a gasa, a kuma shigar da wasan rabin bututu Olamfik. An amince a 2011, ita kuwa ta rasu a Janairun 2012 bayan faɗuwa wajen atisaye a Utah, tana da shekara 29, ba ta ga wasannin Sochi na 2014 ba, inda aka fara raba lambobi a wannan fanni. Babban tsalle ya biyo baya a Beijing a 2022.

Afirka ma ba a bar ta sarai ba. Akwai wurin zamiya a Oukaïmeden kusa da Marrakesh a Maroko, akwai Afriski a tsaunukan Maloti na Lesoto, mai nasa filin tsalle-tsalle, inda ake wasa daga Yuni zuwa Agusta. Lamine Guèye ya wakilci Senegal a Sarajevo tun 1984, Samuel Ikpefan kuma ya ɗaga tutar Najeriya a 2022 a tseren dogon zango. Ana ma yin abin a kan rairayi: a Namibiya Henrik May ya kai gudun kilomita 92 a awa a 2010. Amma rairayi na cin ƙasan allo, sai an shafa kakin zuma ko makamancinsa kusan kowace gangara, shi ya sa tsofaffin alluna ake kai masa. A ƙasar Gure kuwa tudun rairayi abin tsoro ne mai binne gona da kwari, aikin da ke gaban mutane shi ne kafa masa shinge da dasa itatuwa don ya tsaya wuri ɗaya.

Duk wannan tarihi yana nan a jikin allon da ke kanti yau, kuma mai saye da shi yake ciniki ko bai sani ba. Faɗin ƙugu shi ne magana ta farko. Na fili zalla yakan tsaya tsakanin milimita 80 da 90, na dusa mai zurfi ya haura 110, mai raba ƙafa kuma yana tsakanin 90 da 105. Sai wurin ɗaura ƙafa: a tsakiya cif yana daɗin juyi da tafiya da baya, amma baki na nutsewa a dusa, in aka ja shi baya da santimita kaɗan, an ɗan rage daɗin juyi an sayi natsuwa a guje. Tsawo ma da lissafi, tunda ɗagaggiyar wutsiya ba ta taɓa ƙasa, allon yakan yi kamar ya fi ainihinsa gajarta, don haka ake ɗaukar wanda ya kusa kai wa mutum tsakar ka. Inda sulhu ya gagara shi ne kaifin gefe. Mai hawa bututun ƙarfe da gangan yake sa magagari ya dakushe ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarsa, don kada ya kama bututu ya kayar da shi, kuma wannan kaifin da ya kashe shi zai nema gobe da safe a kan daskararriyar ƙanƙara ya rasa. Kamfanoni sun ƙara wa ƙarfen kauri don ya jure duka, amma ba wanda ya ƙera gefen da ke da kaifi da dakushi lokaci guda.

Saboda haka ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kai Faransa, Kanada, Rasha ko Turkiyya, har abokai suka ja shi dutse, kada tallan "allo ɗaya mai yin komai" ya ruɗe shi. Ya fara da haya, ya koyi tsayawa da juyawa a wurin malami, ya sa hular kwano. In ya kai ga saye kuma saiti ɗaya zai iya, ya nemi mai ƙugu 95 zuwa 100, matsakaicin tauri, a ɗaura masa ƙafa santimita 3 zuwa 5 bayan tsakiya, ya bar gefensa da kaifi har sai ranar da ya tabbatar bututun ƙarfe ne wasansa.