Daga abin ƙara muryar rediyo zuwa wasan kwamfuta

Duk wanda ya tashi a Mirriya ko cikin Damagaram ya san abin nan da ake murɗawa a jikin rediyo don ƙara murya. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wasannin allon da muke yi wa yara faɗa a kansu da wannan ɗan ƙarfe suka fara.

A shekarar 1958 wani masanin kimiyya, William Higinbotham, ya haɗa wasan tanis a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka don nishaɗantar da baƙi. Kowane ɗan wasa akwati aka ba shi, mai maɓalli ɗaya da abin murɗawa ɗaya. Da kamfanin Atari ya fitar da Pong a 1972, injiniyansa Allan Alcorn bai sake salo ba. Idan ka murɗa, ƙarfin wutar da ke wucewa ya canza, sandar da ke kan allo ta hau ko ta sauka. Irin na rediyo ne sak, har da aibinsa: yana da iyaka dama da hagu, kuma yana cinyewa da yawan gogayya.

Gyaran da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi amfani da shi a wasan Tempest na 1981, da Arkanoid na kamfanin Taito na Japan a 1986. A nan babu gogayya. Faifai ne mai tsage-tsage yake juyawa tsakanin ƙaramar fitila da idanu biyu masu gane haske. Kowace tsaga ta wuce, na'ura ta ƙirga. Me ya sa idanu biyu? Domin ido ɗaya zai gane ana juyi, amma ba zai san ta ina aka nufa ba. Wanda ya riga ɗan'uwansa ganin haske, shi ke nuna dama ce ko hagu. Malamin lissafi zai iya cika darasi guda da wannan kaɗai.

Waɗannan manyan akwatunan wasa sun tsufa, da yawa sun lalace. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin injinan don kada wasannin su ɓace. Sai dai Tempest da madannan rubutu ba ya daɗi. Masu sha'awa suka lura cewa tsohon linzamin kwamfuta, mai ƙwallo a ciki, yana ɗauke da irin wannan faifai har guda biyu, kuma MAME tana karɓar juyin faifan a matsayin motsin linzami. Suka riƙa farke shi suna ɗaura faifan a kan sanda mai juyawa. Wayoyin da ake bukata huɗu ne: ta wuta mai bolt 5, ta ƙasa, sai biyu na idanun. In abin ya tafi baibai, a musanya biyun nan.

Irin wannan linzami yanzu tarkace ne. In an ci sa'a, ana iya tsintarsa a tsofaffin ofisoshi ko wajen masu gyaran kayan wuta na Kasuwar Dole a Zinder. Malamin da zai gwada da ɗalibansa ya duba ƙasan linzamin tukuna: mai jan haske ba shi da waɗannan faifai biyu, mai ƙwallo ake nema.